Babi na Bakwai: Jirgin Yaƙin da ke Tsayawa Cak a Iska

Duk wanda ya taɓa raka matafiyi filin jirgin sama na Yakubu Gowon da ke Heipang, ya ga yadda jirgi yake tafiya can ƙarshen titinsa, ya juyo, ya tsaya yana ruri, sa'an nan ya sheƙo a guje har ya ci rabin titin ko fiye kafin ƙafafunsa su rabu da ƙasa, to, ya riga ya san wata ƙa'ida ko da ba a karantar da shi ita ba, watau jirgi mai fiffike ba ya tashi sai da gudu. Wanda ke tashi daga inda yake tsaye kuwa mun san shi, har mun raɗa masa suna jirgi mai saukar ungulu, kuma kowa ya ga farfelar da ke bisa kansa, wadda ita ke ɗauke da shi. Saboda haka idan aka nuna wa mutum hoton majigi na wani jirgin yaƙi mai fiffike, wanda ba shi da farfela ko ɗaya a kansa, ya taho kamar kibiya, ya yi ta rage gudu har ya tsaya cak a sararin sama, ya ja da baya, ya sunkuyar da kai ya gai da jama'a, tambayar da takan fara fitowa daga bakinsa ita ce: shin wannan gaskiya ne, ko kuwa siddabarun masu haɗa hoto ne? In kuma gaskiya ne, mene ne ke riƙe da shi?

Gaskiya ne. Sunan jirgin Harrier, Turawan Ingila ne suka ƙera shi, ya shiga aiki a rundunar sojan samansu a shekarar 1969, ya yi musu hidima har watan Disamba na 2010. Amsar tambaya ta biyu ita ce za ta ɗauke mu lokaci, domin tana da ɓangare biyu: akwai hikimar da ke cikin ƙarfen, akwai kuma halin mutanen da suka fara shiga cikinsa tun ba a san ko zai yi biyayya ba.

Abin da ido ke gani

Hoton da na fi maimaita kallonsa na wani tsohon jirgi ne daga cikin nau'in da aka yi wa sojan ruwa, wanda ake kira Sea Harrier, ƙirar ƙarshen shekarun 1970. Bayan sojan ruwan Ingila sun jingine irinsa a 2006, wani Ba'amurke mai suna Art Nalls, tsohon Laftanar Kanar kuma tsohon matuƙin gwaji, ya saye shi da kuɗinsa, ya kai shi jihar Maryland, ya tara masu aikin sa kai suka gyara shi, daga 2008 kuma ya shiga nuna shi a wuraren bajekolin jiragen sama, ya yi shekaru yana yi.

Wasan yakan fara da abin da aka saba gani. Jirgi ya wuce ƙasa-ƙasa da gudun da ido ba ya iya bi, ya yi tsaye ya nufi gajimare, ya mirgina, ya dawo. Wannan duk wani jirgin yaƙi yana yinsa, kuma jama'a kan yi tafi su ci gaba da cin abin da ke hannunsu. Amma idan ya kewayo a karo na ƙarshe, ya saki ƙafafunsa, ƙarar injinsa ta yi ta ƙaruwa alhali gudunsa yana raguwa, wanda hakan ya saɓa wa duk abin da kunne ya saba da shi, sai ka ga kowa ya miƙe. Yakan iso gaban jama'a ya tsaya, tsayin bene mai hawa biyar ko shida daga ƙasa, ciyawa ta kwanta a ƙarƙashinsa, iska tana kaɗawa saboda zafi kamar yadda take yi a kan kwalta da tsakar rana. Daga nan ya juya a inda yake, ya matsa gefe, ya koma baya, ya fuskanci mutane, ya rusunar da hancinsa sannu a hankali, sa'an nan ya ɗago.

Wanda ya taɓa ganin jahi a hawan salla, a Zariya ne ko a Bauci, zai gane abin da ke taɓa zuciya a nan. Sakin doki a guje kowane yaro mai ƙarfin hali yana iyawa, amma inda ake sanin mahayi shi ne daidai lokacin da ya iso gaban Sarki ya ja linzami, doki ya turje, ƙura ta wuce gaba, shi kuwa yana zaune daram a kan sirdi, hannunsa a sama yana jinjina. A tsayuwar nan ake yi masa guɗa, kuma a irinta ne matuƙin Harrier yake nuna abin da ya sani.

Mesa da bututu huɗu

Fiffike yana bukatar gudu ne saboda ba ya ɗaga komai sai iska tana gudana a kansa. Wanda ya fitar da tafin hannunsa ta tagar mota a kan hanyar Bukuru, ya ɗan karkata shi, ya ji iska tana cilla hannun sama, ya kuma lura cewa da mota ta tsaya hannun ya faɗo, ya gama fahimtar wannan fasalin. Injin jirgin yaƙi kuwa aikinsa shi ne ya zuƙi iska ta gaba, ya matse ta, ya ƙona ta da mai dangin kananzir, ya feso ta baya da ƙarfi, kuma gwargwadon yadda ya tunkuɗa iska baya, haka iskar ke tunkuɗa shi gaba. Mutanen Filato ba baƙi ba ne ga wannan ƙa'ida. Dattawan da suka yi aiki a ramukan kuza na wajen Bukuru da Barikin Ladi sun san manyan bututun feshi da kamfanoni ke rusa gaɓar ƙasa da su da ƙarfin ruwa, sun kuma san dalilin da ya sa ake kafe gindinsu da kyau. Haka kuma kowa ya ga yadda 'yan kwana-kwana biyu ko uku ke taruwa a kan mesa guda, domin ruwan da ke fita gaba yana banko mesar baya.

To, idan aka karkata bakin mesar ya dubi ƙasa, ina za ta banka? Sama. Asalin hikimar ke nan, kuma faɗinta ya fi yinta sauƙi nesa ba kusa ba. Kamfanin Rolls-Royce ya fara gwadawa da wani ƙarangalin ƙarfe mai inji biyu, wanda ya tashi ba igiya a 1954, kuma saboda kamanninsa mutane suka yi masa laƙabi da gado mai tashi. Wani jirgin gwaji na kamfanin Short ya ɗauki inji biyar, huɗu na ɗagawa ɗaya na tafiya, sai dai illarsa a bayyane take, domin da zarar an tashi, huɗun nan sun zama kaya kawai da ake dakonsu. Wani injiniya Bafaranshe, Michel Wibault, shi ya kawo shawarar a yi amfani da inji ɗaya tak, a riƙa juya bakin da iska ke fita. Gordon Lewis da Stanley Hooker na kamfanin Bristol suka tace shawarar har ta haifi injin da ake kira Pegasus, Ralph Hooper kuma, a ƙarƙashin Sydney Camm na kamfanin Hawker, ya zana jirgin da zai lulluɓe shi.

Injin yana da bututu huɗu, biyu a kowane gefen cikin jirgin. Na gaba suna fitar da iskar da babbar fankar injin ta zuƙo ba a ƙona ta ba, na baya suna fitar da wadda aka ƙona. Dukkan huɗun suna juyawa tare, daga duban baya zuwa duban ƙasa, har su ɗan zarce su leƙa gaba, wanda da shi jirgin ke taka birki a iska ko ya ja da baya. Abin da ke juya su wata 'yar na'ura ce mai aiki da matsin iska, ta hanyar sanduna da sarƙa irin ta babur, kuma ina ganin wannan ya cancanci a tsaya a yi ta'ajibinsa: an danƙa ran mutum da nauyin jirgin yaƙi ga abin da kowane bakanike a Farin Gada zai gane da kallo ɗaya, domin masu ƙirar sun fifita abin da ba ya saurin lalacewa a kan abin da ke burge ido.

Taɓarya a tafin hannu

Ɗagawa rabin mas'alar ce. Dutsen Riyom, wanda matafiya ke tsayawa su yi mamakin yadda ya hau ɗan'uwansa bai faɗo ba, a kan dutse yake zaune. Shi kuwa wannan jirgi idan ya tsaya, a kan ginshiƙai huɗu na iska yake, kuma a wannan hali fukafukansa da jelarsa, waɗanda da su ake sarrafa kowane jirgi, ba su da wani amfani, tun da babu iskar da ke gudana a kansu. Sai aka ja siraran bututu daga cikin injin zuwa hanci da wutsiya da ƙarshen kowane fiffike, aka haɗa su da sandar tuƙi da matakan ƙafa, yadda in matuƙi ya motsa sanda, iska mai ƙarfi za ta feso ta inda ake bukata ta mayar da jirgin daidai. Misalinsa kamar mai tsayar da taɓarya ne a tafin hannu, wanda mai kallo ke ganin taɓarya a tsaye, amma hannun da ke ƙarƙashinta bai huta ba ko na ƙiftawar ido.

Matuƙin yana da abu uku da zai riƙe da hannu biyu. Hannun dama na kan sanda, na hagu kuma yana kai-komo tsakanin totur da wani mariƙi da ke kusa da shi, wanda ke juya bututun, kuma an yi asarar jirage saboda mutum ya ja wannan alhali wancan yake nufi. Wuri mafi hatsari shi ne tsakanin tsayuwa da tafiya, lokacin da jirgin ke gudu daidai na mota a babbar hanya, fiffike ya fara kama iska amma bai gama kamawa ba. Idan a lokacin iska ta bugo shi ta gefe, yana iya kifewa kafin a ankara. Domin haka aka dasa wani ɗan ƙarfe mai kama da tuta a gaban gilashin matuƙi, yana nuna masa inda iska ta fito, kuma wajibi ne ya riƙe hancin jirgi a saitinsa. Ba a san wannan a kan takarda tun farko yadda aka san shi daga baya ba. Sai da wasu suka shiga suka gwada, suka dawo suka faɗa.

Wanda aka ɗaure jirginsa da igiya

Ran 21 ga Oktoba 1960, a filin gwaji na Dunsfold da ke kudancin Ingila, aka fito da kakan waɗannan jirage, mai lamba P.1127, aka ɗora shi a kan wani rami mai murfin ragar ƙarfe domin iska mai zafi ta sami mafita, aka ɗaure shi da igiyoyi. An cire masa duk abin da za a iya cirewa, an zuba masa man mintoci kaɗan, domin ƙarfin injin na wancan lokaci da ƙyar ya rinjayi nauyinsa. Wanda ya shiga shi ne Bill Bedford, babban matuƙin gwaji na kamfanin Hawker, ƙafarsa ɗaya a ɗaure da filasta saboda hatsarin mota da ya yi kwanaki kafin nan. Jirgin ya ɗaga ƙasa da kamu biyu, yana tangaɗi yana fizgar igiya. Iyakar abin da aka samu ran nan ke nan, kuma ya isa. A watan Nuwamba aka kwance igiya, a watan Maris na 1961 aka tashe shi da gudu kamar sauran jirage, sai a watan Satumba Bedford da abokin aikinsa Hugh Merewether suka haɗa biyun, suka fita daga tsayuwa zuwa tafiya suka kuma komo. Kusan shekara guda ke nan ana tafiya taki-taki a kan abin da yanzu ake yi cikin daƙiƙa ashirin a gaban 'yan kallo.

A nan ne nake son mai karatu ya gyara wata fahimta. Mutane kan zaci matuƙin gwaji wani mai ganganci ne wanda ya sayar da ransa, alhali sana'arsa ta fi kama da ta shaida adali a gaban alƙali. Kafin ya tashi an rubuta masa abin da zai gwada, ba ya ƙarawa ko da jirgin ya yi masa daɗi. Idan ya sauka ya faɗi abin da ya gani ba ragi ba ƙari, har da kuskuren da shi kansa ya yi, ko da faɗin zai jinkirta ciniki ko ya ɓata wa manyansa rai, domin a kan maganarsa za a rubuta littafin da saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai zai dogara da shi a tsakiyar teku da dare. Jarunta tana cikin aikin, babu shakka, amma sharaɗinsa na farko amana ce da natsuwa. A bajekolin Faris na 1963 jirgin Bedford ya faɗo daga tsayuwa a gaban dubban mutane, Allah Ya kiyaye ya fito lafiya, bincike kuma ya nuna ɗan datti ne ya shiga na'urar da ke juya bututun. Aka gyara, aka ci gaba.

John Farley, wanda ya fara a matsayin ɗan koyo a cibiyar binciken jirage ta Farnborough a 1950, ya zama babban matuƙin gwaji a Dunsfold a 1978, ya rasu a 2018, shi ne ya fi shahara da nuna wannan jirgi, har akwai wani salon tashi da ake kira da sunansa: ya tsaya a iska, ya ɗaga hancin jirgi sama sosai yana juya bututun a lokaci guda domin su ci gaba da duban ƙasa, sa'an nan ya haura daga nan kamar mai hawa tsani. Mai kallo yana ganin bajinta, amma abin da ke ƙarƙashinta shekaru goma sha tara ne da ya yi yana auna halin wannan jirgi, har ya san iyakarsa kamar yadda makiyayi ya san kowace saniya a garkensa.

Dalilin duk wannan wahala kuwa tsoro ne na zamanin gaba tsakanin Rasha da ƙasashen Yamma, cewa in yaƙi ya ɓarke filayen jirage za a fara ragargazawa, don haka ana son jirgin da zai ɓuya a daji ya tashi daga ɗan fili. A watan Mayu na 1969 wani hafsa, Tom Lecky-Thompson, ya tashi da shi daga wani filin tara gawayin kwal kusa da tashar jirgin ƙasa ta St Pancras a tsakiyar Landan, ya isa birnin Niyok cikin kimanin awa 6. A yaƙin tsibiran Falkland na 1982 jiragen Sea Harrier sun kakkaɓo jiragen Ajantina kimanin 20, ba a harbo ko ɗayansu a arangamar sama ba. Amurka da Sifen da Italiya da Indiya duk sun yi aiki da irinsa.

Da a Jos za a yi wasan

Rundunar sojan saman Nijeriya, wadda aka kafa a 1964, ba ta taɓa mallakar Harrier ba, amma yana da amfani mu ƙaddara cewa an kawo shi Heipang, domin ƙasarmu za ta koya mana abin da hoton majigi ba ya nunawa. Ƙa'idar tashi a tsaye guda ce: dole ƙarfin inji ya rinjayi nauyin jirgi. Injin Sea Harrier a bakin teku yana tunkuɗa abin da ya kusa tan 10, jirgin kuma ba mai ba makami ya haura tan 6, don haka ratar da ke tsakani ita ce iyakar abin da zai ɗauka. Wannan ne ya sa a wurin aiki na haƙiƙa yawanci yakan ɗan yi gajeren gudu ne ya tashi da kayansa, ya bar saukar ungulu sai ya dawo ya yi sauƙi.

Jos tana sama da mita 1,200 bisa teku, kuma iskarta ta fi ta Ikko sirantaka da fiye da kashi 10 cikin ɗari. Direbobin manyan motoci da ke hawo Hawan Kibo sun san yadda inji ke nishi, ko da yake tsaurin hawan ne ya fi yawa a nasu lamarin. Shi kuwa jirgi, da yake iska ce abincinsa kuma ita ce matakinsa, zai rasa kimanin tan guda na ƙarfinsa tun bai motsa ba. Zafi yana ƙara rage nauyin iska, sanyi yana ƙara shi, don haka matuƙi mai hankali zai zaɓi safiyar hunturu ta watan Disamba ko Janairu, lokacin da muke rawar ɗari, ya guji tsakar ranar watan Maris. Zai kuma nemi a share masa dandamalin siminti tas, domin in ya tsaya a kan jar ƙasa, ƙura da tsakuwa da iskarsa mai zafi za su tashi su koma cikin bakin injin. Akwai tankin ruwa a bayan injin, wanda ya ɗan fi duro guda, ana fesa ruwan cikin injin domin ya sanyaya ƙarfen a lokacin da aka matsa masa, kuma idan aka buɗe shi gaba ɗaya minti ɗaya da rabi yake yi ya ƙare. Sojan Ingila sun haɗu da wannan lissafin a Kandahar ta Afganistan, inda suka ajiye jiragen daga 2004 zuwa 2009, ga tudu ga zafi. Saboda haka mutumin da kake gani ya tsaya shiru a iska yana gai da jama'a, a lokacin idonsa na kan ma'aunin zafin inji da na mai da na ruwa, yana ƙidaya daƙiƙoƙi.

Akwai kuma waɗanda ba a tafa musu. Tsohon jirgi da kamfani ya daina ƙera kayansa ba ya tashi sai da mutanen da za su yi kwanaki suna duba shi saboda wasan minti goma, suna neman kayan gyara a inda aka watsar da su, suna bin littafi shafi-shafi. Wanda ya ga yadda masu gyara a garin nan suka riƙe Peugeot 504 a kan hanya shekaru bayan an daina harhaɗa ta a Kaduna, ya san irin wannan haƙurin, ya kuma san muna da hannayen da za su iya. Ina fata ɗaliban makarantar sojan sama da ke nan Jos, da masu niyyar shiga kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya, idan wannan hoton ya zo hannunsu su kalle shi sau biyu: na farko su sha mamaki yadda kowa ke sha, na biyu kuma su zuba ido a kan bututun nan huɗu, su lura da lokacin da suke juyawa.

Mun daɗe a ƙasashen Turawa, ya kamata mu komo gida. Ran 1 ga Nuwamba 1925 wasu jiragen sojan Ingila guda uku, waɗanda suka taso daga Masar, suka sauka a Kano, a zamanin da babu titin jirgi ko ɗaya a ƙasar Hausa. Yadda suka ƙetaro wannan nisa, da inda suka sami wurin sauka, da abin da ya biyo bayan zuwansu, shi za mu duba a babi na gaba in Allah Ya yarda, sai mai karatu ya biyo mu.